Hatimin da ba ya karanta takarda

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini. Don Allah a ɗan sam mini fili in amayar da wani abu da ya daɗe tsaye a raina, in ya yi tsawo a yi haƙuri, maganar ce da yawa.

Ni akawu ne, na fi shekara 20 ina aiki a ofishin kuɗi, takarda ita ce sana'ata, daga rasit zuwa takardar albashi zuwa ta neman biyan bashi duk ta hannuna suke bi. To a 'yan shekarun nan na san kai ma ka lura, takardu da yawa da ake turo wa mutum ta imel ko ya sauke a waya, in ka duba can ƙasa sai ka ga an rubuta wai an sa mata hannu ta na'ura, ba ta buƙatar sa hannun kowa. Bayanin asusun banki haka, takardar inshora haka, sakamakon jarrabawa haka, har shaidar biyan haraji. Mutanen da nake haɗuwa da su a kan wannan abu sun kasu biyu, akwai masu cewa ai tunda ba biro ba tawada to takardar banza ce kowa ma zai iya ƙirƙira, akwai kuma masu cewa tunda kwamfuta ce ta buga ai magana ta ƙare ba kuskure. Na farkon ba sa ba ni tsoro sosai, da an zaunar da su an nuna musu suke ganewa. Na biyun ne matsala, kuma abin haushin yawancinsu manya ne masu kujera, su ne ke sayo abin su kafa a ma'aikata.

Bari in faɗi yadda muka zo nan a wurin aikinmu don mai karatu ya san ba ji na yi ba, gani na yi. Da can oga ne ke sa hannu a komai. Ƙarshen wata sai a jibge masa fayil-fayil a tebur ya yi ta zana suna har hannu ya sage, kuma wallahi ba karantawa yake ba, ni nake ɗaga masa gefen takarda yana zanawa muna hira. In ya yi tafiya kuwa komai ya tsaya cak sai ya dawo. Daga nan wani mai wayo ya kawo shawarar a ɗauki hoton sa hannun oga a ajiye a kwamfuta a riƙa liƙawa, aka yi ta murna an huta, ba a jima ba sai ga sa hannun oga a wata takarda da bai taɓa gani ba, don hoto ne kawai, duk wanda ya samu takarda ɗaya ya mallaki sa hannun har abada. Sai aka koma sa hannun lantarki na gaske, aka yi wa oga satifiket, wato shaidar lantarki, da sunansa a cikin wani ɗan abu kamar filash mai lambar sirri. Kwana nawa aka yi? Oga ya gaji da danna lamba ya miƙa wa sakatare filash ɗin, lambar kuma aka rubuta a 'yar takarda aka manna a jikin kwamfuta. Kaga an koma 'yar gidan jiya, har ma ta fi muni, don yanzu a idon doka oga ne da kansa ya sa hannu alhali yana can wajen taro. Ban ga laifinsa sosai ba fa, ɗan Adam ne. Ko Bill Clinton, shugaban Amurka na lokacin, ranar 30 ga Yunin 2000 da ya rattaba hannu a dokar Amurka da ta halatta sa hannun lantarki, da kati mai kalmar sirri ya yi, kalmar sirrin kuma sunan karensa ne, kuma duniya duk ta ji.

Wannan ne ya kai mu ga abin da nake son magana a kai, wato satifiket ɗin da ake yi da sunan ma'aikata ita kanta ba da sunan wani mutum ba, a ɗora shi a babbar kwamfutar ofis, duk takardar da manhaja ta haɗa sai ta buga mata shaida ta tura, dare da rana, ba wanda zai danna komai. Ni hatimi nake ce masa, don ya fi kama da hatimi a kan sa hannu, kuma ba ni kaɗai ba, dokar Tarayyar Turai mai suna eIDAS da aka yi a 2014 ta fara aiki a Yulin 2016 haka ta raba su, sa hannu na ɗan Adam ne, hatimi kuma na kamfani ko hukuma. A Indiya ma, inda dokarsu ta fasahar sadarwa ta 2000 ta kafa ofishin da ke sa ido a kan masu ba da satifiket, suna da wani nau'i na daban da ake ba manhajar ma'aikata don ta riƙa buga wa takardu da kanta.

Yadda abin ke aiki ba tsafi a ciki, lissafi ne zalla. A 1976 wasu masana biyu a Amurka, Whitfield Diffie da Martin Hellman, suka fito da dabarar makulli biyu masu tafiya tare, bayan shekara ɗaya wasu uku, Rivest da Shamir da Adleman, suka samo lissafin da ya sa abin ya yiwu a aikace, shi ne ake ce wa RSA daga farkon sunayensu. Makulli ɗaya na sirri ne, ma'aikata ke ɓoye shi, da shi ake buga hatimi. Ɗayan na fili ne, na kowa da kowa, aikinsa kawai ya gwada ya ce e wannan hatimi da ɗan uwana aka buga shi, ko kuwa a'a. Kuma daga na filin ba ka iya gano na sirrin, a dai irin kwamfutocin da ake da su yau. Kafin a buga, manhaja takan tattara duk abin da ke cikin takardar, kowane harafi kowane ɗigo, ta matse shi ya zama wani gajeren jerin lambobi da haruffa, a tsarin SHA-256 da aka fi amfani da shi guda 64 ne, ko takardar shafi ɗaya ce ko shafi dubu. Ka ɗauka dangwalen yatsan takardar ke nan, kuma a kan wannan dangwale ake buga hatimin. In wani ya buɗe takardar ya ƙara sifili ɗaya a bayan kuɗi, dangwalen ya canza gaba ɗaya, hatimi ya ƙi zama, manhaja ta nuna ja. Shikenan.

To sai wani ya ce wa ya tabbatar wannan makullin fili na kamfani kaza ne, ai ni ma zan iya ƙirƙirar nawa yanzu a ɗaki in raɗa masa sunan banki. Gaskiya ne za ka iya, a nan ne satifiket ya shigo. Akwai kamfanoni da hukumomin da aikinsu ke nan, su binciki takardun rajistar ma'aikata, su tabbatar wanda ya zo nema da gaske aiko shi aka yi, sannan su ba da shaida cewa makulli kaza na ma'aikata kaza ne daga rana kaza zuwa rana kaza, su buga nasu hatimin a kai. Tsarin rubuta wannan shaida X.509 ake ce masa, tun 1988 yake. Su ma masu ba da shaidar akwai na sama da su da suka tsaya musu, a haka a haka har a kai ga wasu 'yan kaɗan da sunayensu ke dashe a cikin manhajar kwamfutarka tun daga kamfani. Kamfanin Adobe mai manhajar buɗe PDF misali yana da nasa jerin waɗanda ya amince da su, shi ya sa in ka buɗe PDF wani sa'in ka ga kore, wani sa'in ka ga gargaɗi wai ba a san mai hatimin ba.

Malam Edita kar a ce ƙin abin nake. Ni da na ga wahalar tsohon tsari ai ba zan so a koma ba. Duk wanda ke da fasfo mai cif yana yawo da irin wannan hatimi a aljihu bai ma sani ba, bayanan da ke cikin cif ɗin na'ura ce ta buga musu hatimin ƙasarsa lokacin da ake haɗa fasfon, bisa tsarin hukumar jiragen sama ta duniya ICAO, kuma da shi jami'in shige da fice na wata ƙasa yake gane ba a sauya hoto ko suna ba. Wane ɗan Adam ne zai zauna ya sa hannu a fasfo miliyoyi? Meziko ta daɗe da sa kowane ɗan kasuwa ya buga hatimin lantarki a takardar cinikinsa da satifiket daga hukumar haraji. Indiya tun Oktoban 2020 manyan kamfanoni ke tura takardar ciniki ga na'urar gwamnati ta buga mata hatimi ta dawo da ita da lambar QR. Saudiyya ma daga Janairun 2023 ta shiga zango na biyu na nata tsarin mai hatimin lantarki. Abin ya zo ya zauna, kuma ya toshe ƙofofin ha'inci da yawa, wanda ke goge lamba da reza ya sake rubutawa kam kasuwarsa ta mutu.

Ga inda gizo ke saƙa. Wata rana aka taɓa wani abu a jadawalin da manhajarmu ke ɗaukar bayanai, layi ɗaya ya goce, cikin dare sistem ya haɗa takardun bashi masu yawa, sunan wannan da kuɗin wancan, ya buga musu hatimi tsaf ya tura wa mutane. Ba wanda ya sani sai da safe. Wajen hantsi wani dattijo ya shigo hankali a tashe, takardarsa ta nuna ana binsa ninkin-ba-ninkin abin da ya sani, jami'in da ke karɓar ƙorafi ya buɗe a kwamfuta ya juyo masa allo ya ce Baba duba da kanka ga kore nan, sistem ba ya ƙarya, takardar nan tamu ce sai dai ka je ka biya. Bayan azahar kuma wani matashi ya shigo yana fara'a, tasa takardar ta ce ba a binsa komai, ya zo a rufe masa fayil, jami'in nan dai, da bakinsa ɗaya, a kujera ɗaya, ya ce masa haba malam ai wannan kuskuren sistem ne ba mu muka rubuta ba. Ina zaune ina ji, wallahi sai da kunya ta kama ni. In takarda ta amfane mu tamu ce, in ta cuce mu ta sistem ce, yaya ke nan?

Wannan shi ne dalilin wasiƙata gaba ɗaya. Hatimin nan abu biyu kacal yake shaida, cewa takardar daga wurin wane ta fito, kuma ba a taɓa ta ba tun da aka buga. Ko dokar Turai da na ambata, ga hatimi mafi ƙarfi da take ganewa, abin da ta ce a ɗauka ke nan, asalin takarda daidai ne kuma ba a sauya ta ba. Ba ta ce abin da ke ciki gaskiya ne ba, don hatimi ba ya karatu, abin da aka miƙo masa shi yake bugawa, ko lissafi ne daidai ko shirme. Za ka ce ai tsohon ogan ma ba ya karantawa, haka ne, amma ni mai ɗaga gefen takarda ina kallo, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba na sha cewa ranka ya daɗe dakata wannan lambar ta yi yawa. Jinkirin nan da muke ƙorafi a kai ashe wani shinge ne ba mu sani ba, aka cire shi aka yi murna, ba a kafa wani a madadinsa ba. Da kuskure guda yake fita a kama shi, yanzu kafin gari ya waye ya hayayyafa, kowane ɗaya da hatimi mai kyau a jiki.

Kar a ɗauka mu ƙanana ne kawai abin ke faruwa da mu. A Disamban 2020 aka gano cewa wasu sun kutsa kamfanin SolarWinds na Amurka, suka cusa muguwar manhaja a cikin layin da kamfanin ke haɗa kayansa, na'urar kamfanin ta buga mata hatimin gaske kamar kullum, wajen ma'aikatu 18,000 suka sauke, har da ma'aikatar baitulmalin Amurka, kowa ya duba ya ga hatimi lafiya lau. Can manhaja ce ba takarda ba amma hatimin dangi ɗaya ne. Sai kuma takardar shaidar rigakafin korona ta Tarayyar Turai da aka fara a Yulin 2021, lambar QR ce mai hatimin hukumar lafiya ta kowace ƙasa, tsari mai kyau ƙwarai, amma a Oktoban shekarar sai ga wata shaida tana yawo a intanet da sunan Adolf Hitler, kuma in aka haska ta da manhajar bincike sai ta nuna kore, sai daga baya aka toshe. Mutumin da ya mutu tun 1945 wai ya yi rigakafi, lissafi kuma ya ce sahihiya ce. Lissafin bai yi ƙarya ba fa, da makullin gaske aka buga.

Shi ya sa nake dariya in na ji manya suna alfahari wai mun sayi na'urar HSM komai ya yi daidai. Ga wanda bai sani ba, HSM wani akwati ne na musamman da ake haifar makullin sirri a cikinsa ya zauna a ciki, ba a iya kwafo shi, in aka yi yunƙurin fasa akwatin ma sai ya goge abin da ke ciki. Yana da kyau, dole ne ma, don makullin da aka bari a fayil a kwamfuta sata yake jira, kuma satarsa ta fi ta hatimin roba muni nesa ba kusa ba, na roba in an ɗauke za ka buɗe durowa ka ga wayam, wannan kuwa a kwafe a bar maka naka kana ta aiki da shi ba ka san kuna da yawa ba. Muguwar manhajar nan Stuxnet da aka gano a 2010, wadda ta lalata injinan nukiliyar Iran, da satattun makullan kamfanoni biyu na Taiwan, Realtek da JMicron, aka buga mata hatimi. To amma ko makulli na cikin akwati, ɓarawo mai hankali me zai yi da shi? Abin da yake nema kawai hanyar da zai miƙa wa akwatin takarda, akwati ya buga masa ya miƙo. Don haka tambayar da ya kamata odita ya yi ita ce mutum nawa ne a ma'aikatar nan ke iya tura takarda ga wannan akwati, kuma ina rajistar abin da aka buga jiya da shekaranjiya, wa ke duba ta. A wurare da yawa in ka yi wannan tambaya sai a fara kallon-kallo, daga ƙarshe a ce a kira yaron kwamfuta, shi kaɗai ya sani, kuma wataƙila ma ɗan kwantiragi ne ba ma'aikaci ba. Hatimin ma'aikata gaba ɗaya, wanda a da sai an buɗe sef mutum biyu na tsaye kafin a fito da shi, yanzu yana hannun wanda ba a ma gayyatarsa taron manya.

Su kansu masu ba da satifiket ɗin ba mala'iku ba ne. A 2001 kamfanin VeriSign ya ba wani mutum satifiket biyu da sunan Microsoft don kawai ya ce shi ma'aikacinsu ne. A 2011 aka kutsa DigiNotar na ƙasar Holan, wanda gwamnatin ƙasar ma ke amfani da shi, aka fitar da satifiket na bogi sama da 500, aka yi amfani da na Google wajen leƙen imel ɗin mutane kusan 300,000 yawancinsu a Iran, kamfanin kuma ya yi shiru da maganar na makonni, da asiri ya tonu manyan manhajoji suka cire sunansa daga jerin amintattu, a Satumban shekarar ya durƙushe. Duk wanda ya dogara da shi sai da ya nemi sabo a gurguje. Saboda haka ma'aikatar da ke zaɓen mai ba ta satifiket don kawai nasa ya fi araha, to ta san da sanin abin da take yi.

Akwai kuma maganar wa'adi, wadda ƙarama ce amma ita ta fi kayar da mutane. Satifiket ba na har abada ba ne, shekara ɗaya biyu ko uku ya ƙare sai an sabunta, kuma tunda abin yana aiki shiru ba ya damun kowa sai a manta da shi, wanda ya kafa ya canza aiki, imel ɗin tunatarwa na zuwa akwatin da ba mai buɗewa. Ranar 6 ga Disamban 2018 wani satifiket ya ƙare a manhajar kamfanin kayan sadarwa na Ericsson, miliyoyin masu layin O2 a Birtaniya da na SoftBank a Japan suka tsinci kansu ba sabis. In irin waɗannan za su manta to ina ga mu. Abin da ya fi damuna ni mai ajiye takardu shi ne, takardar da aka buga wa hatimi yau, bayan shekara 10 in an kai ta kotu satifiket ɗin ya daɗe da mutuwa, yaya za a gane an buga ta ne lokacin yana raye? Maganin akwai, ana haɗawa da shaidar lokaci daga wani amintacce na daban da zai ce ni na ga wannan takarda a rana kaza ƙarfe kaza, a kuma cusa bayanin cewa a lokacin ba a soke satifiket ɗin ba a cikin fayil ɗin kansa. Amma sai an nema ake sawa, wasu masu kafa tsarin ba sa ko ambata. Lissafin kansa ma yana tsufa, a Fabrairun 2017 masu bincike na Google da wata cibiya a Amsterdam suka fito da PDF biyu daban-daban masu dangwale iri ɗaya a tsohon tsarin SHA-1, wato hatimin ɗaya zai zauna a kan ɗayar. A Agustan 2024 kuma hukumar NIST mai tsara ma'aunai a Amurka ta fitar da sababbin tsare-tsaren sa hannu don shirin zuwan kwamfutocin kwantam, wani sabon nau'in kwamfuta, da ake tsoron za su iya ɓalle RSA. Wannan dai sai a bar wa masana, amma mai takardar fili ko ta fansho da zai riƙe shekara 30 yana da haƙƙin a yi tunaninsa.

Mu kuma masu karɓar takarda muna da namu laifin, a nan ne ma na fi son 'yan uwa masu karatu su saurara. Hatimin nan a cikin fayil yake zaune, ba a fuskar takarda ba. Wancan ɗan akwati da kake gani a ƙasa mai alamar kore da suna da kwanan wata ado ne kawai, yaro ma zai zana maka irinsa. Da zarar an buga takardar a firinta, ko an ɗauki hoton allo an turo maka ta WhatsApp, hatimi ya tafi, saura hoto. Amma kullum ina ganin jami'ai suna karɓar fotokwafi su kalli alamar kore su gyaɗa kai, wasu ma har su ce sai ka je ka bugo ta a takarda kafin su karɓa, wato ka kashe shaidar sannan ka kawo musu gawar. Abin da ya kamata shi ne a karɓi fayil ɗin na asali, a buɗe da manhajar da ke iya gwada hatimi, a danna a ga sunan wa ke jiki, wa ya ba shi satifiket, an taɓa takardar bayan bugawa ko ba a taɓa ba. Sunan ma a karanta shi da kyau, don ɗan damfara na iya yin rajistar kamfani mai suna kusan iri ɗaya ya karɓi satifiket na halal da shi. Manhajar kuma a riƙa sabunta ta, a 2019 masu bincike a jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus sun gwada manhajojin buɗe PDF guda 22, suka yaudari 21 suka nuna kore a takardar da aka sauya, an dai gyara daga baya amma wanda ke kan tsohuwar bai san an yi ba. Lambar QR ma a yi hattara, wata hatimi ce a cikinta da gaske, wata kuwa adireshi ce kawai da za ta kai ka shafin da ɗan damfarar ya gina da kansa ya rubuta maka wai takarda sahihiya ce.

Roƙona gare ka Malam Edita, in wakilanku sun je ɗaukar labarin wata ma'aikata na ƙaddamar da irin wannan tsari, bayan an yanke kirtani an tafa, don Allah su tambayi shugaban ba yaron kwamfuta ba, ranka ya daɗe in na'urar nan ta buga wa kuskure hatimi wa zai ɗauka, kuma ina mutum zai je a gyara masa ba tare da an ce masa sistem ba ya ƙarya ba. Hatimi da sunan ma'aikata yake fita, to ma'aikata ce ta yi magana, ko da ƙarfe ukun dare ne kowa na barci. In ba za su iya tsaya wa abin da ya fita da sunansu ba to su sa mutum ya riƙa duba samfuri kafin a saki dubbai, su sa iyaka ta yadda takardar da lambarta ta yi tsalle fiye da ƙima za ta tsaya sai ɗan Adam ya gani, ba wani abu ne mai wuya ba, mu ma sai bayan da ta faru muka yi, ihu bayan hari.

Dattijon nan dai an ba shi haƙuri, an fitar masa da sabuwar takarda, oga da kansa ya ce a kawo masa biro ya ƙara sa hannu a ƙasa don hankalin mutumin ya kwanta. Matashin kuma da ƙyar aka shawo kansa, don ya ce shi yana da takarda mai hatiminmu kuma gaskiyarsa. Na tambayi masu kula da na'urar ko za a iya janye hatimin daga waɗancan takardu na kuskure, suka ce ba a yi, satifiket ake sokewa gaba ɗaya ba takarda ɗaya ba, kuma ko an soke, duk abin da aka buga kafin ranar da shaidar lokaci a jiki yana nan daram. Na ajiye kwafin ɗaya daga cikinsu a kwamfutata, jiya ma da na zauna rubuta wannan wasiƙa na buɗe ta, har yanzu kore take nunawa.

Na gode da ba ni fili, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naku,
Wani akawu mai karanta ku kullum